Dillalin Da Ba A Ganin Fuskarsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Gumel



Ranar da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi magana a kan sayar da kaya ta intanet, sai da na sake duba bayan ambulan, ko dai wani ake nufi aka yi kuskure. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ban taɓa wuni guda a shago ba. Hasali ma doka ta hana ni, domin tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya haramta wa ma'aikaci na dindindin gudanar da wata sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Ina jin abin da ya sa aka zaɓe ni shi ne an ji labarin ƙanena, wanda shi ma ɗan wannan makaranta ne, an kuma ji cewa jarin da ya shiga wannan harka da shi daga aljihuna ya fito. Rance na ci a ƙungiyar tsimi ta ofishinmu na ba shi, aka yi wata 18 ana cira daga albashina. To ku ga, ko ban yi karatun abin ba, na biya kuɗin makaranta.

Bari in fara da abin da kowa a ɗakin nan ya sani. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Baƙo ya taso daga Dungas ko Damagaram da shanu ko raƙuma, bai san kowa ba, wani kuma ya taso daga Kudu da kuɗi, shi ma bai san kowa ba. Wa yake haɗa su? Dillali. Wa yake saukar da baƙon, ya ajiye masa kayansa, ya riƙe masa kuɗinsa har ya tashi tafiya? Fatoma. Idan bayan ciniki aka gano sa na sata ne, ba baƙon da ya tsallaka iyaka za a nema ba, dillalin za a riƙe. Saboda wannan amana ne ake ba shi la'ada, kuma ba wanda yake ganin an zalunce shi.

To, babbar kasuwar intanet ba wani sabon abu ba ce illa dillali da fatoma a haɗe. Tana nemo maka mai saye wanda ba ka taɓa gani ba, ta karɓi kayanka ta kai masa, ta karɓo kuɗin ta riƙe, ta cire la'adarta, ta ba ka saura. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma wannan kasuwa gaba ɗayanta cinikin biri a sama ne, don haka dole a sami wanda zai tsaya a tsakani. A Amurka akwai Amazon, wanda aka kafa a 1994, kuma fiye da rabin kayan da ake sayarwa a shafinsa ba na kamfanin ba ne, na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. A nan Nijeriya Jumia da Konga duk a 2012 suka fara, a Legas. Akwai kuma irin su Jiji, amma ita tata daban ce: allon talla ce kawai, kai da mai saye ku ji da junanku a kan kuɗi da kai kaya. Maganata yau a kan nau'in farko ce, wato wadda take riƙe kaya da kuɗi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin dillalin Maigatari da wannan, kuma nan ne gizo yake saƙa. Dillalin Maigatari ka san gidansu. In ya cuce ka akwai sarkin kasuwa, akwai hakimi, akwai surukinsa da za ka iya kai wa ƙara. In la'adarsa ta yi maka yawa ka matsa gaba wajen wani. Wannan kuwa shi ne dillalin, shi ne mai filin kasuwar, shi ne mai mudun awo, shi ne kuma alƙalin da zai yanke hukunci in rigima ta tashi tsakaninka da mai saye. Ba zagi nake yi ba, haka tsarin yake, kuma a rubuce yake cikin yarjejeniyar da kowane mai sayarwa yake amincewa da ita ranar da ya yi rajista. Matsalar ita ce ba ma karantawa. Ni da na yi jami'a, nake kuma cin abinci da karanta fayil, ban karanta ba.

Ƙanena ya gama Kwalejin Ilimi ta nan Gumel, aiki bai samu ba, sai ya buɗe ɗan shago yana sayar da kayan fata: takalma, alabe, jakunkunan mata, yawancinsu ɗinkin dukawan Damagaram, ana shigo masa da su ranar kasuwa. A 2022 ya zo mini da waya a hannu yana nuna mini nawa ake sayar da takalmin da bai kai nasa kyau ba a Legas da Abuja. Ya ce, "Yaya, dubi wannan, ninki biyu ne fa." Na duba, na ga gaskiya ninki biyu ne. Kasuwar da ya shiga ba zan faɗi sunanta ba, domin ba ƙara na kawo ba, kuma yawancin laifin namu ne.

Shiga ba ta da wuya. Katin shaida, asusun banki, lambar waya, in kana da rajistar sunan kasuwanci ta hukumar CAC ya fi. Ka ɗauki hoton kaya a kan farin ƙyalle, ka rubuta bayani, ka sa farashi. Oda ta farko da ta shigo, daga Fatakwal, yaron nan bai yi barci ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na fara lissafin yadda zan biya rancen kafin lokaci.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hanya. Idan oda ta shigo ana ba ka ɗan taƙaitaccen lokaci ka ɗaure kayan ka miƙa a cibiyar karɓar kaya ta kamfanin. Wanda yake Ikeja zai hau babur ya kai ya dawo kafin shayinsa ya huce. Mu a lokacin cibiya mafi kusa da mu tana Kano. Wato saboda takalmi ƙafa ɗaya sai an bi ta Gagarawa, an bi ta Gujungu, an sauka a 'Yankaba, sannan a nemi adaidaita. Ko ya je da kansa ya rufe shago wuni guda, ko ya ba direba saƙo ya roƙi wani aboki ya tara a tasha. Aka zo aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, farashin da ya rubuta a shafin kuwa yana nan yadda yake, domin yana tsoron in ya ƙara masu saye su koma wajen wani.

Ina roƙon a ba ni dama in yi ɗan lissafi, ko don malaminmu na lissafi da yake zaune a nan ya ga bulalarsa ba ta tafi a banza ba. Alƙaluman na misali ne, ba farashin kowa ba ne, domin la'ada ta danganta da irin kaya, kuma kamfanoni suna canza ta. A ce ka saro takalmi Naira 6,000, ka sa shi 10,000. A ido ribarka 4,000. A ce la'ada kashi 10 cikin 100, an cire 1,000. Kwali da leda da salatif da buga takardar oda, 500. Rabon wannan takalmi daga kuɗin motar Kano, 700. Abin da kamfani zai cire na gudummawar dako, 500. Saura 1,300. Har yanzu riba ce, ba laifi. To a ce ka aika guda biyar, huɗu suka zauna, ɗaya ya dawo. Huɗun sun ba ka 5,200. Wanda ya dawo ya riga ya ci maka 1,700, ka kuma kashe 700 ka ɗauko shi daga Kano, saura 2,800. Ya dawo da ƙurji a gefe domin an gwada shi an taka ƙasa, ka karyar da shi 4,000 a shago, wato ka faɗi 2,000 daga uwar kuɗi. Saura Naira 800 a kan jarin 30,000, kuma sai ka jira ranar da kamfani yake biya. Mai sayar da ruwan leda a tasha ya fi ka samu.

Me yake sa kaya su dawo? A nan na ƙara ilimi ƙwarai. Na farko, akwai tsarin biya in kaya sun iso. Mutum ya yi oda yana cikin nishaɗi da dare, bayan mako guda ɗan aike ya iso ƙofarsa, kuɗin sun tafi wani wuri, sai ya ƙi ɗaga waya. Shi bai yi asarar ko kwabo ba. Na biyu, takalmin hannu ba na inji ba ne. Lamba 42 ta wannan baduku ba ita ce 42 ta wancan ba. A shago mutum zai zura ƙafa ya ji, a waya kuwa ba dama. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: warin jima. Mu da muka tashi da fatar da aka jeme da bagaruwa, ƙanshi muke ji. Wata baiwar Allah a Legas ta buɗe kwali ta rubuta a shafin cewa an aiko mata da ruɓaɓɓiyar fata, ta ba shi tauraro ɗaya cikin biyar. Wannan rubutu nata yana nan a ƙarƙashin hoton kayan, duk wanda ya zo saye sai ya karanta. A kasuwar Maigatari in wani ya kushe kayanka, iska ta kwashe maganar kafin la'asar. A can kuwa ba ta gogewa.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya, kuma shi ne ya shafe mu mutanen bakin iyaka fiye da kowa. Yaron nan, don ya ga oda tana shigowa, sai ya riƙa rubuta a shafin cewa yana da kaya alhali ba su a hannunsa. Dogaronsa ranar Alhamis za a shigo da su. Dabarar ta yi aiki wata da watanni. Sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Oda tana shigowa, kaya suna Damagaram. Ya soke ta farko, ya soke ta biyu, kowace da tararta, makinsa na mai sayarwa ya faɗi, kayansa suka koma can ƙasan shafi inda ba mai kaiwa. Na'urar kamfani ba ta san Maigatari ba, ba ta san an yi juyin mulki ba. Abin da ta sani shi ne wannan mai sayarwa ya yi alkawari bai cika ba, kuma in za a yi adalci, gaskiyarta.

Abin haushin shi ne ba mu da uzurin cewa ba mu taɓa gani ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba, 2020, kuma Maigatari tana cikin guda huɗu na farko da aka buɗe, tare da Seme da Illela da Mfun. Wannan karon sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS ɗungurungum. Duk wanda kayansa suke tsallako wannan iyaka ya kamata ya sa a ransa cewa ƙofa ce da wasu suke riƙe da makullinta a Abuja da Yamai.

Sannan ga maganar canji. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai na Yuro, don haka ta bi sama. Mai shago da yake karɓar kuɗi hannu da hannu zai iya ƙara farashi da safe in ya ji canji ya tashi. Wanda kuɗinsa suke hannun kamfani yana jiran ranar biya, kafin su iso sun riga sun rage daraja, abin da ya sayar guda biyar ba zai iya saro huɗu da kuɗin ba. Haka jarin nan ya riƙa zagwanyewa muna kallo. Akwai daren da ya zo gidana, ya zauna a zaure ya kasa shiga ciki, ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce masa ba abin yafewa, tare muka ga ninki biyun nan a waya, kuma ni ne babba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a guji intanet. Har yau yaron yana ciki, kuma yanzu yana samu. Abin da ya canza shi ne ya daina sa takalma gaba ɗaya. Alabe yake sawa da ƙananan jakunkuna, abin da ba shi da lamba, ba shi da nauyi, ba ya lalacewa in ya yi wata a hanya. Ba ya rubuta ko guda ɗaya da ba ya hannunsa. Ya nemi dukawa biyu a wannan ɓangaren namu, don kada komai nasa ya rataya a kan iyaka. Yana shanya kaya a inuwa su sha iska kafin ya ɗaure, kuma ya rubuta ƙarara a bayanin cewa fata ce ta jimar gargajiya, tana da ƙanshinta. Abin mamaki, tun da ya rubuta haka ƙorafi ya ragu, har ana samun masu nema don wannan ɗin. Shagonsa kuma bai rufe ba, shi ne uwa, intanet ɗin reshe.

Wannan batu na ƙarshe ina so a riƙe shi da kyau. Wanda ya saya a shagonka naka ne: ka san sunansa, ka je sunan ɗansa, ka ba shi bashi, ka yi masa ragi. Wanda ya saya ta babbar kasuwar intanet na kamfanin ne, kuma yawancinsu sun hana ka jawo shi gefe ku yi ciniki a bayan idonsu. Ranar da mai kasuwa ya ga wani sashe ba ya biya, rufewa zai yi. A watan Disamba na 2023 Jumia ta rufe sashenta na kai dafaffen abinci a Nijeriya da wasu ƙasashe. Hakkinta ne, lissafinta ta yi. Amma mai gidan abincin da ya dogara da wannan hanya kaɗai, shi ma sai ya sake nasa lissafin a cikin 'yan makonni.

Wani babban yayanmu ya tambaye ni ɗazu a waje, ina amfanin yankin ciniki maras shinge na Maigatari ga irin waɗannan yara? An kafa yankin zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, yana ƙarƙashin kulawar hukumar NEPZA, kuma an tsara shi ne don masu sarrafa kaya da fitar da su waje, masu maganar tirela da kwantena ta riɗi da zoɓo da ƙaro. Kayan da suka fito daga irin wannan yanki zuwa cikin ƙasa ma, a wajen Kwastan tamkar daga waje aka shigo da su. Saboda haka ba ƙofar mai kwali ɗaya ba ce. Amma in har aka sami masu tsabtace riɗi da zoɓo da ɗura su a ƙananan mazubai a wannan shiyya tamu, yaranmu sun sami abin sayarwa wanda Legas ba ta da shi. Sai dai a tuna, duk abin ci da aka ɗura a leda aka sa masa suna yana bukatar rajistar NAFDAC, kuma manyan kasuwannin nan suna tambaya.

A ƙasar Sin akwai wani ƙauye, Dongfeng, a lardin Jiangsu. Wajen 2006 wasu samari suka fara sayar da kayan katako masu sauƙin haɗawa a kasuwar intanet ta Taobao, ta kamfanin Alibaba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da masu sayarwa suka yi yawa a wuri ɗaya, kamfanonin dako da kansu suka zo suka buɗe rassa a garin, domin mota ba za ta koma fanko ba. Ƙanena shi kaɗai ne yake ɗaukar kuɗin motar Kano a kan kwali ɗaya. Da su ashirin ne daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan Naira 700 ta lissafinmu da ta koma abin da bai taka kara ya karya ba.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiya. Muna da 'yan ƙungiya da yawa mazauna Kano. A nemi ɗaki guda kusa da 'Yankaba, a sa yaro ɗaya amintacce, ya zama fatoman yaranmu: ya ajiye kayan da aka fi nema, oda ta shigo ya ɗaure ya miƙa a ranar, abin da ya dawo ya karɓa ya duba. Masu amfana su riƙa biyansa a kan kowane kwali, ƙungiya ta tsaya a kan hayar shekarar farko da kuma littafin shiga da fita, wanda ma'ajinmu zai riƙa dubawa duk wata uku. In ba a rubuta ba za a yi rigima, kuma rigimar kuɗi tsakanin 'yan aji ɗaya ta fi kowace muni. Sannan muna da ma'aikatan banki a cikinmu, muna da na Kwastan, muna da lauyoyi. Kowannensu ya ba da Asabar guda a shekara, a tara yaran a ɗakin taron makaranta, lauya ya karanta musu yarjejeniyar nan sakin layi bayan sakin layi da Hausa, kafin kowa ya danna amincewa. Ni na ɗauki nauyin rubuta takardar tsarin in miƙa wa sakatare kafin taron kwamiti mai zuwa, tunda rubuta takarda dai ita ce sana'ata.

Shi kuwa mai labarin, har yanzu da sauran bashina a kansa, yana biya kaɗan-kaɗan. Ga shi can a layin baya yana sunkuyar da kai. Ya yarda duk mai tambaya a kan rajista ko ɗaukar hoto ko ɗaurin kaya ya same shi bayan an ci abinci, ya kuma zo da littafin lissafinsa na 2023 don wanda yake so ya gani da idonsa.

Shugaba, na ga kana duban agogo.